Lifidin Soso

Saura kwana 19 a buɗe wani bikin baje kolin kayan gargajiya, wata mota ta tsaya a bakin wani lungu na Birni, cikin Damagaram, domin lungun bai isa mota ta shiga ba. Mutum biyu suka fito, ɗaya riƙe da jakar takardu, suka taka har zauren wani dattijo mai ɗinkin lifidi. Ina zaune a wurin, na kawo masa gyaran wani tsohon jalala na gidanmu. Bayan gaisuwa suka ce kwamiti ne ya aiko su: ana son lifidi 12, na doki da na mahayi, a jera a rumfa, a kuma hau da su ranar buɗewa a gaban manyan baƙi. Dattijon ya tambayi ranar, suka faɗa masa. Ya yi shiru, ya ƙirga da yatsunsa, sannan ya ce, "Ƴaƴana, ko guda ɗaya ba zai ƙare ba." Mai jakar ya yi irin murmushin nan da ɗan lakwal ke yi wa wanda yake ganin bai waye ba, ya ce, "Haba Baba, ai ba yaƙi za a je ba. Daga nesa za a gani."

Dattijon ya ƙi karɓar aikin. Suka tashi ransu a ɓace, ɗayansu na cewa taurin kan tsofaffi ne ya hana sana'o'inmu ci gaba. Ba su sha wahalar neman wani ba. Wani tela a cikin gari ya karɓa, ya sayo katifun soso marasa kauri, ya yayyanka, ya lulluɓe su da yadi mai walƙiya, ya bi da keke ya yi layuka, ya kuma cika alkawari har da rarar kwana biyu. Ranar buɗewa ina cikin taron. Dawaki suka wuce gaban rumfar manya, aka yi tafi, masu ɗaukar hoto suka yi ta rububi, mai sanarwa kuwa ya ce yau an raya gadon kakanni. Gaskiyar mai jaka ce: daga nesa aka gani, kuma daga nesa abin ya yi kyau.

Ba zan faɗi ko wane biki ne ba, ba kuma zan faɗi sunan kwamitin ba, domin abin da nake ƙara a kansa hali ne da ya game mu, ba kuskuren mutum biyu ba. Ga ƙarar a taƙaice: bukukuwan da muka ƙirƙiro da sunan ceton aikin hannu su ne yanzu ke koya wa masu aikin hannu ha'inci, kuma sandar da suke korarsu da ita zuwa ga ha'incin ita ce wa'adi. Duk lokacin da aka ce wa mai sana'a ya gama cikin mako uku abin da ke cin watanni, zaɓi biyu ne kawai aka bar masa, ko ya ƙi ya kwana da yunwa a kira shi malalaci, ko ya karɓa ya yi algus a miƙa masa takardar yabo. Mun daɗe muna saka wa na biyun, muna kuma mamakin yadda na farkon ke ƙarewa.

Tunda da yawa cikin masu karanta wannan shafi sun san lifidi ne daga bakin hanya ranar Hawan Sallah, bari in ɗan tsaya a kansa. Lifidi riga ce ta kariya da ake cusa wa auduga a ɗinke, mahayi ya sa, doki ma a sa masa daga wuya har gwiwa, domin kibiya ko mashi su nutse cikin audugar kafin su kai ga fata. Tsohon abu ne a ƙasashenmu. Tarihin Kano ya danganta shigowarsa Kano, tare da sulke da kwalkwali, ga zamanin Sarki Kanajeji, wajen shekarar 1400. Baturen nan Denham da ya iso Barno a 1823 ya koma gida da zanen wani barden Bagarmi lulluɓe da lifidi, shi da dokinsa. Damagaram kuwa, wadda ta tashi ƙarƙashin inuwar Barno ta kuma yi maƙwabtaka da Kano da Daura da Katsina, ta gaji abin ta fuska biyu. Ƴan lifida su ne katangar da ke tafiya a gaban sarki. Ba don ado aka ba su wannan matsayi ba: mai lifidi ba ya iya gudu, in kuma ya faɗo daga kan doki da wuya ya sake hawa shi kaɗai saboda nauyi, don haka wanda aka sa wa shi an san ba mai juyawa ba ne.

Yadda ake yinsa shi ne zuciyar maganata, domin wanda bai ga allura na shiga tana fita ba zai ɗauka lokacin da ake nema son jiki ne. Ƙyalle biyu ake haɗawa. Na ciki mai kauri ne, da can saƙin gida. Na waje kuwa sau da yawa guntaye ne, ja da rawaya da shuɗi da baƙi, da ake yankawa kusurwa uku ko huɗu a harhaɗa su har su ba da zane, kuma wannan harhaɗawar kaɗai aiki ce mai zaman kanta. Daga nan a bi da allura a tsaga fili tsakanin ƙyallayen biyu zuwa ƴan gidaje, a riƙa cusa auduga cikin kowane gida da ɗan sanda, a danna, a ƙara, a rufe, a wuce na gaba. In gidajen suka yi faɗi, auduga za ta gangara ta taru a ƙasa, sama ta zama fayau. In suka matse ƙwarai, lifidi ya sandare kamar busasshen ƙirgi, doki ya kasa ɗaga ƙafa. Wurin ƙirji yana son cika, wurin da kafaɗar doki ke motsi yana son sassauci, kuma babu awon da ke faɗa wa mai ɗinki wannan sai tafin hannunsa. Dattijon ya gaya mani cewa lifidin doki guda, in shi da yaro ɗaya ne, kuma ba rashin lafiya ba rasuwa a unguwa, yakan ci masa wata uku. Na tambaye shi ko ba a iya ragewa. Ya ce ana iyawa, in an yarda dokin ya ji a jikinsa.

Sai kuma audugar kanta. Wadda masu sana'ar suka fi so ita ce audugar rimi, mai gajeren zare da santsi, wadda ba ta kaɗuwa a mazari amma ba ta da nauyi, ba ta kuma saurin shan ruwa, domin kowane silinta akwai iska a cikinsa. Saboda wannan hali ne Turawa suka daɗe suna cusa ta cikin rigunan ceto na masu jirgin ruwa kafin roba ta karɓe wurin. Abokiyar gabarta ɗaya ce, wuta, kuma mayaƙan da sun san haka. To rimi ba ya zubar da audugarsa don kwamiti ya zauna. Sau ɗaya yake yi a shekara, cikin rani wajen shigowar bazara, lokacin da ƴaƴansa suka bushe suka fashe. Kuma rimi ya fi yawa can kudu da mu, inda ruwa ya fi sauka. Wanda ke son lifidi 12 a watan Disamba, tun watan Maris ya kamata ya aika a tara masa auduga, a cire mata iri, a shanya, a adana inda ɓera da laima ba za su kai ba. Hausawa sun gama wannan magana tun kafin a haifi kwamiti: ba a fafe gora ranar tafiya.

Soso kuwa kullum akwai shi a kasuwa, kuma nan ne duk fifikonsa ya tsaya. Ba ya barin iska ta ratsa, yana riƙe zafi, yana shan gumi ya ƙi sakinsa. A ɗora shi a kan doki a tsayar da shi cikin rana tun hantsi ana jiran babban baƙo, a ga abin da zai faru da bayansa. Bayan ƴan shekaru cikin zafin ƙasarmu yakan soma marmashewa, ya koma gari a cikin yadin. Lifidin auduga in ya kwanta ana farke gefe a ƙara masa, in ya yage a yi masa faci, uba ya bar wa ɗa. Na soso in ya mutu ya mutu, sai bola. Wato kuɗin da ake ganin an tsimi a bana za a sake kashe su a biki mai zuwa, kuma ina zargin akwai waɗanda wannan bai yi wa ciwo ba ko kaɗan.

Na san abin da za a ce mani, domin an sha faɗa mani shi a gaban idona. Za a ce lifidi ya daɗe da zama kayan kallo, to mene ne na kuka don an yi na kallo? Akwai gaskiya a ciki, ban ƙi ba. Auduga na tare kibiya, ba ta tare harsashi. Sarki Tanimu da kansa, wanda ya kewaye Birni da garu ya kuma rasu a 1884, ya tara bindigogi ya sa aka ƙera igwa a cikin garin nan, don ya ga inda yaƙi ya dosa. Daga yaƙin Tirmini na 1899, da Faransawa suka ci ƙasar, babu wani ɗan lifida da ya sake fita don ya tare mashi. Fiye da shekara 120 ke nan lifidi na fita ranar Sallah kawai da ranar tarbar baƙo.

Amma kallo iri biyu ne, kuma mai wannan hujja ya haɗa su ya cakuɗa. A Hawan Sallah, wanda ya ba da aikin lifidi shi ne zai sa shi, ko ɗansa, ko baransa. Dokinsa ne zai yi sukuwa da shi, shi zai ga ƙurji in ya fito, shi zai mayar da kayan ɗaki ya sake fito da su bayan wata biyu da kwana goma don Babbar Sallah. In ɗinki ya saki, ya san zauren da zai koma, mai ɗinkin ma ya san za a komo. Mutanen da ke bakin hanya kuwa ba baƙi ba ne: akwai tsoffin barade a cikinsu, akwai matan da suka tsince irin audugar da hannunsu, kuma waɗannan daga yadda lifidi ya zauna a kan kafaɗar doki suke gane abin da ke cikinsa. Wannan kallo ne mai hukunci. A bikin baje koli kuwa, wanda ya ba da aikin ba zai hau ba, wanda ya hau ba nasa ba ne, wanda ya yi tafi gobe ya koma Yamai, alƙalin da kowa ke tsoro shi ne na'urar ɗaukar hoto, ita kuwa ba ta taɓa abu da hannu. Da zarar ka sauya alƙali, ka sauya aikin, ko da sunansa bai sauya ba.

Za a kuma ce masu sana'armu ba su san lokaci ba, in ba a matsa masu ba ba sa gama komai. Wannan ma ba zan wanke su ba. Wanda bai taɓa kwana a shagon tela daren Sallah yana gadin yadinsa ba, bai yi ƙuruciya a ƙasar Hausa ba. "Gobe in Allah ya kai mu" ta baduku da ta maƙeri da ta mai aikin hula ta tsufar da mutane da yawa, ni ma jalalan da na kai wa dattijon sai da na yi sawu huɗu. Akwai masu karɓar aikin mutum goma alhali sun san na uku za su iya, don kada kuɗin kafin alƙalami ya wuce su. Wannan aibi ne, kuma ƙungiyoyin masu sana'a ya kamata su riƙa faɗa wa junansu shi ba tare da kara ba.

Sai dai a lura, ban ce wa'adi abin ƙi ne ba. Sallah wa'adi ce, bikin aure wa'adi ne, kuma su ne suka rayar da sana'o'in nan ɗaruruwan shekaru. Bambancin shi ne kowa ya san ka'idar. Mai hankali tun kafin azumi yake kai ɗinkinsa, wanda kuwa ya kai ranar 27 ga azumi ya san shi ne mai laifi, yakan shiga shagon yana ba da haƙuri, ya ƙara kuɗi, in aka ce ba zai samu ba ya tafi bai zagi kowa ba. Mutanen jakar takardu su kaɗai ne na sani ke zuwa a makare su kuma zo da faɗa.

Alhali su ne suka fi kowa sanin ranarsu. Sallah ma ana duban wata, amma bukukuwan hukuma ba a duban wata. Ranar 18 ga Disamba tana nan inda take tun 1958. Da aka soma zagayawa da bikinta jaha-jaha, Damagaram ce ta fara karɓa a 2006, ta sake karɓa a 2018 da sunan Zinder Sabuwa, bayan Dosso da Maraɗi da Agadas da Tawa, kowa kuma na ganin layin yana matsowa shekara da shekaru. Baje kolin SIAO na Wagadugu yana ci tun 1988, na mata masu sana'a, SAFEM, yana ci a Yamai tun 2000. Na kawo waɗannan ne don in nuna cewa manyan ranakun da mai sana'a ke yi wa aiki sanannu ne tun da nisa, ƙananan bukukuwan da ke kwaikwayonsu ma haka. To me ke sa saƙo ya iso zaure saura kwana 19? Amsar da na gani da idona ita ce, a lissafin mai shirya biki aikin hannu ne ke zuwa ƙarshe. Sai an gama maganar rumfa da kujeru da masaukin baƙi da abinci da man mota, sannan wani ya tuna cewa ai ana son "wani abu na gargajiya". Abin da ya rage a ƙasan tukunya shi ake miƙa wa ɗan kwangila, shi kuma ya cire nasa ya miƙa wa dillali, dillali ya shiga lungu. Sau da yawa ma ba kuɗi yake shiga da su ba, alkawari ne: a yi aikin, in an tashi biki a zo biro a karɓa. Mai ɗinki ya tafi Kasuwar Dole ya ci bashin yadi da zare, ya yi kwanaki bai runtsa ba, sannan ya shiga sintiri. Na san wanda ya bi jika 60 har wata takwas, kuɗin kabu-kabun da ya kashe wajen bin su sun kusa cinye riba.

Da a ce akwai wasu masu saye da yawa, da wannan bai zama abin tsoro ba, sai mai sana'a ya juya wa kwamiti baya. Amma a dubi yadda kasuwar ta tsuke. A shekarun 1990 da farkon 2000 an yi ƙoƙari na gaske, har da taimakon ƙasar Lukzambur, aka gina wa masu sana'a wuraren aiki da sayarwa a manyan garuruwa, bisa tsammanin baƙi masu yawon buɗe ido za su riƙa zuwa. Tawayen arewa na 2007 ya rage su, sace Turawa a Arlit a 2010 ya kusa ƙarasa sauran. Rufe iyaka da Nijeriya daga ƙarshen Yulin 2023 zuwa Maris na 2024 ya nuna wa kowa yadda yadi da zaren da ke fitowa daga Kano ke iya tsada dare ɗaya. Gidajen sarauta kuwa, waɗanda su ne iyayen gidan lifidi na asali, da yawansu ciyar da doki kansa ya zame masu nauyi. A irin wannan hali mai shirya biki ya zama babban mai saye, wani lokaci shi kaɗai. Abin da ya karɓa shi ne zai zama sana'ar. In ya karɓi soso, to nan da shekara 20 soso ne lifidi, yaran da ke tasowa ba za su san an taɓa yin wani ba.

Wannan batu na yara shi ne ya fi ci mani rai. Yaron da ke zaune gefen dattijon ranar nan jikansa ne, ya ji duk abin da aka faɗa, ya kuma ga yadda aka ƙare: kakansa ya tashi da gaskiyarsa da aljihu wayam, tela ya tashi da kuɗi da takardar yabo a bango. Wane darasi muke so ya ɗauka? Muna iya rubuta maƙala ɗari a kan gadon kakanni, da Hausa da Faransanci, yaron nan lissafin da ya yi a zaure ya fi su ƙarfi. Akwai kuma waɗanda ko a zauren ba a gani. Tsince iri daga auduga, da shiɓa, da harhaɗa guntayen ƙyalle, yawanci aikin matan cikin gida ne. In wa'adi ya matso su ne ke raba dare a gaban fitila bayan sun gama tuwo, in aka koma soso su ne na farko da ake sallama, sunansu kuwa bai taɓa hawa takardar yabo ba ko a wane hali.

A wani ƙauye na baƙaƙen fata a jihar Alabama ta Amurka, mai suna Gee's Bend, mata sun yi zuriya bayan zuriya suna harhaɗa tsummokaran kayan aikin gona, suna shimfiɗa auduga a tsakani suna ɗinke mayafan sanyi, dabara ɗaya da ta lifidinmu. A 2002 aka rataye mayafan nan a babban gidan zane-zane na birnin Houston, daga nan aka kai su New York, masana suka yi ta mamaki, har gidan waya na Amurka ya buga hotunansu a kan tambarin wasiƙa a 2006. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne tsofaffin mayafan da suka girgiza mutane ba a ɗinka su don baje koli ba. An ɗinka su don yara na jin sanyi, mai ɗinkin kuma ita za ta kwana a ƙarƙashinsu. Baje kolin ya zo daga baya ya tarar da aikin a gama. Mu kuwa mun kifar da abin: mun sa ranar nuni tukuna, sannan muka fita neman abin da za a nuna. A Japan, tun shekarun 1950, hukuma na zaɓen gwanayen sana'a ta ba su kuɗi duk shekara don su ci gaba da aiki su kuma koyar, ba tare da ta ce masu a kawo 12 ranar Alhamis ba. A Disamban 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan daba na Kano cikin jerin al'adun duniya, muka taya maƙwabta murna, kuma ya cancanta. Amma hawa ba ya tsayawa da mahayi kaɗai. Bayan kowane doki akwai baduku da maƙeri da masaƙi da mai lifidi, in waɗannan suka ƙare abin da zai rage shi ne mutane a kan dawaki sanye da katifa.

Abin da nake nema ba ya bukatar taron ƙara wa juna sani a otal. Duk wanda ya sa ranar biki, ya ba da aikin hannu a ranar da ya ba da aikin gini, da rabin kuɗi a hannu, kai tsaye ga mai allura. In kuɗin lifidi 12 ba su samu ba, a yi biyu na ƙwarai, sauran dawaki su fito da jalala da kayan da gidajensu suka mallaka. Ba a taɓa jin baƙon da ya koma gida yana ƙorafin ƙarancin lifidi ba. Masu ba da kyauta a rumfunan baje koli su daina zagayawa hannu a baya kamar masu duba faretin soja. Su juya kaya su ga cikinsa, su matsa, su ɗaga, a kuma sa tsofaffin masu sana'ar a cikinsu, ko da ba su iya sa hannu da biro ba. Wanda ya yi da soso da keke ban ce a kore shi ba, shi ma abinci yake nema, kuma akwai mai son mai araha. A rubuta a jikin kayansa cewa soso ne, a kuma ware masa layinsa.

Akwai ɗaya da na fi so duka, na kuma san za a yi mani dariya a kansa. A bar mai sana'a ya zo da aikin da bai ƙare ba. Wa ya ce dole sai gamamme ake nunawa? A ba dattijon nan tabarma a tsakiyar fili, da rabin lifidinsa, da buhun audugarsa, da jikansa a gefe, ya yi ta cusawa yana rufewa har a tashi biki. Ɗan makarantar da ya tsaya minti goma a gabansa, ya ga gida ɗaya ya cika, ya ɗaga kai ya ƙirga gidajen da suka rage, ya koyi abin da jawabin buɗe taro ba zai koya masa ba, kuma in ya girma ya riƙe jakar takardu zai ji nauyin cewa kwana 19. Kunyar da muke ji ta nuna aikin da bai ƙare ba, ita ce ke tura mu nuna aikin da ba a ma fara ba.

Mu ma masu rubutu ba mu fita ba. Mu ne ke zuwa rumfa mu yaba, mu ɗauki hoto, sannan mu taya jakar fata ta wata guda da kuɗin da ba su kai na katin waya na mako ba, in mai ita ya ƙi mu ce ya cika tsada. Na yi haka, ba sau ɗaya ba.

Na koma zauren bayan damina don in karɓi jalalan. Na tarar da dattijon yana kan wani lifidi na wani gidan sarauta na ƙauye, wanda aka kawo masa aikinsa tun watan Rajab don Babbar Sallah, aka kuma kawo masa buhun gero biyu tare da yadin. A kusurwar zauren akwai wani abu ja mai walƙiya a naɗe. Na tambaya, ya ce ɗaya ne daga cikin 12 ɗin nan. Wani mai doki ne ya samo shi bayan biki, ya kawo a farke a cire soson a cusa masa auduga. Ya ce ya duba, yadin ba zai riƙe allura ba, yana jira mai shi ya zo ya ɗauki abinsa. Jikan nasa ban gan shi ba. Aka ce ya koma koyon keke a shagon wani tela a Sabon Gari.